Babban Gwani da Aikin Ƙasa

Duk wanda ya tashi a Tambuwal ko Kebbe ya san abin da a ke iya yi da ƙasa. Da ita a ke gina rumbu da soro, da ita kuma mutanen da su ka kewaye garuruwansu, tun zamanin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a ribaɗin Tambuwal. Amma da ya ke ido ya saba da abin, ba safai mu kan ɗauke shi gwaninta ba. To, a Ingila akwai mutumin da ya yi suna a duniya da laka da duwatsu kaɗai.

Sunansa Richard Long, an haife shi a birnin Biristol cikin 1945. A shekarar 1967, yana ɗan makaranta, ya tafi wani fili mai ciyawa ya yi ta kai da kawowa a kan layi guda, har sawunsa ya kwantar da ciyawar. Sai ya ɗauki hoton layin ya tafi abinsa. Aikin ke nan! Daga nan ya shiga yawon duniya a ƙasa, ya kan jera duwatsu a dawa, wani sa'i a miƙe, wani sa'i a kewaye, har ya kai Hamadar Sahara ta wajen Aljeriya cikin 1988. Ya kan kuma ɗebo lakar kogin garinsu ya shafa a bango da tafin hannunsa. A 1989 aka ba shi lambar Turner, watau babbar kyautar masu fasaha ta ƙasarsu. Ya san sarai iska da ruwa za su shafe yawancin abin da ya yi, bai kuwa damu ba, don hoto ya ishe shi.

Mu namu gwanin ya riga shi da fiye da shekara ɗari, aikinsa kuma ya fi wuya nesa, gama shi abin da jama'a za su shiga ƙarƙashinsa su yi salla ya gina. Shi ne Muhammadu Durugu, wanda a ke kira Malam Mika'ilu, mai sarautar Babban Gwani, watau shugaban magina. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya, har da zaurukansa da ɗakin shari'a.

Sai mutum ya san halin kayan aikin kafin ya gane girman abin da ya yi. Ƙasa tana ɗaukar nauyi in an ɗora mata daga bisa, amma ba ta iya ƙetare sarari ita kaɗai. Azara kuwa, wadda a ke faskarawa daga giginya, gara ba ta cinta da sauƙi, sai dai ba ta da tsawo. In tazara ta wuce kamar ƙafa shida sai ta lanƙwashe. Yaya za a rufe ɗakin da sahu-sahun masallata za su tsaya da irin waɗannan gajerun itatuwa? Dabarar ita ce bakan gizo. Magini ya kan kafa azara cikin bango ta ɗan leƙo waje, ya ɗaure ta, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Sa'an nan ya ɗora wata a kanta ta ƙara leƙowa, haka daga kowane gefe, har su haɗu a tsaka. Ba Babban Gwani ya fari wannan ba, amma shi ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba. A masallacin nan bakunan suna tasowa daga manyan ginshiƙai, su gicciya juna a sama su riƙe tulluwar rufi, ga zane an fitar a jikin ginshiƙan tun ƙasar tana ɗanya. Mai shiga ya kan ɗaga kai tun bai yi niyya ba.

Masu ba da labari sun ce bayan wannan Sarkin Birnin Gwari ya sa ya gina masa masallaci, da ya gama sai ya sa aka kashe shi, wai don kada ya gina wa wani sarki wanda ya fi shi. Irin wannan labari a kan ji shi game da manyan magina a ƙasashe da yawa, saboda haka a riƙe shi da hannu biyu-biyu. Abin da ya tabbata shi ne zuriyarsa sun gaji sana'ar, kuma akwai unguwa a Zariya mai suna Babban Gwani.

Ginin ƙasa yana da sharaɗi guda: kowace shekara kafin damina sai an bi shi da yaɓe, a gyara indararo, a shafe rufi da makuba ta ɓawon ɗorawa ko katsi na marina. Muddin a na yin haka sai ya yi shekara ɗari yana tsaye, ran da aka daina kuwa ruwa ya fara cin rabonsa. A nan ne aikin Bature da na Bazazzagi su ka rabu, don na Long bai bukaci kowa ba bayan an ɗauki hoto, na Durugu kuwa sai da hannun jikoki.

Cikin shekarun 1970 aka sake masallacin Zariya, aka rushe wani sashe, aka rufe babban ɗakin salla cikin sabon gini na siminti. A lokacin an bar bakunan a ciki, amma siffarsa ta waje ta tafi. Allah ya sa wani masanin gini mutumin Polan, Zbigniew Dmochowski, ya riga ya auna shi ya zana a takarda. Da wannan awo ne aka gina kwatankwacinsa da tubali da azara a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda damina ta fi ta Zariya ƙarfi.