Gobe Ma Tana Da Fuska

'Yan uwana mata, kwanakin baya ƙanwata ta zo min da wata kalmar Turanci da ta tsinta a littafin makarantarsu, wai envisage. Malaminsu ya ce ma'anarta mutum ya hango abin da zai zo nan gaba a zuciyarsa. Na ce haka ne, amma zauna ki ji tarihinta.

Kalmar ba 'yar asalin Ingila ba ce, aronta aka yi daga Faransanci inda suke cewa envisager. A cikinta akwai visage, wato fuska, wadda tushenta ke komawa ga videre, ma'ana gani, a harshen Latin na Rumawan da. Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci sun yi ta kwarara cikin Turanci. Visage ta shiga tun wajen 1300, ita kuwa envisage sai bayan ɗaruruwan shekaru ta biyo sawu.

Farkon zuwanta babu ruwanta da gobe. Nufinta ka dubi abu ido da ido, musamman abin tsoro, ba tare da kau da kai ba. Haka marubucin waƙa John Keats ya yi amfani da ita a waƙarsa Hyperion da aka buga a 1820. Sannu a hankali ta koma kallo da idon zuci, har ta tsaya kan hangen abin da bai zo ba tukuna. Kin ga mu ma ai daga fuska muka samu fuskanta.

To 'yar uwa, in kina hango gidan aurenki me kike gani? Yawancinmu akwatunan lefe, gado da jeren kwanuka kawai muke gani. Wa ke hango ranar da kasuwar maigida za ta karye, ko ciwo ya kwantar da shi? Na san wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar. Keken ɗinkin da ta saya da kuɗin adashi, ana yi mata dariya, shi ke ciyar da su yau.

Don haka in za ki hango gobe, ki dubi fuskarta duka, da fara'ar da murtukewar. Ki riƙe karatunki, ki kama sana'a komai ƙanƙantarta. Allah ya sa mu dace, amin.