Kwaɗon ganye: Yadda ake dafa shi da amfaninsa ga lafiya

Tun shekara ta 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawarar cewa kowane baligi ya riƙa cin aƙalla giram 400 na ganyaye da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kowace rana. Dankali da rogo ba sa cikin wannan lissafi.

A ƙasar Hausa, ɗaya daga cikin hanyoyi mafi arha na cika wannan adadi shi ne kwaɗon ganye, wanda ake yi da zogale, ko rama, ko tafasa, ko alayyafo. Ana cinsa shi kaɗai, ko a gefen shinkafa ko dambu. A Yamai, babban birnin Nijar, ana kiran kwaɗon zogale kopto da harshen Zabarmanci, kuma kasuwarsa kan buɗe sosai a watan azumi.

Babu nama, babu madara

Kwaɗo abinci ne da babu nama ko ƙwai ko nono a cikinsa. Don haka ya dace da tsarin masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga dabba, tsarin da ƙungiyar Vegan Society, wadda aka kafa a Ingila a 1944, ta yaɗa sunansa.

Ƙuliƙulin da ake zubawa yana ba da sinadarin gina jiki, ganyen kuma yana ɗauke da bitamin A da C da K, da folet, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini.

Wannan na da muhimmanci, domin ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya nuna cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na mata masu shekaru 15 zuwa 49 a duniya suna fama da ƙarancin jini.

Yadda ake dafawa

Da farko a tsince ganyen, a wanke shi sau biyu ko uku da ruwa mai tsabta kafin a yanka. Wankin ya zama dole, musamman ga ganyen lambunan gefen birane, inda akan yi ban ruwa da ruwan kwata.

Sai a zuba shi cikin ruwa kaɗan wanda ya riga ya tafasa, ko kuma a turara shi. Alayyafo yakan nuna cikin 'yan mintoci. Zogale da rama sun fi ɗaukar lokaci, kuma akan tsiyaye ruwan rama domin rage tsaminta.

Idan ya huce, a matse shi, a kwaɗa da dakakken ƙuliƙuli, da albasa, da tumatir, da barkono, da ɗan man gyaɗa da gishiri daidai gwargwado. Hukumar ta ce kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5.

Kurakuran da ke rage amfaninsa

Doguwar dahuwa cikin ruwa mai yawa tana sa bitamin C da folet su narke a ruwan, a zubar da su tare. Kanwa tana tausasa ganye da wuri, ta bar shi kore shar, amma tana lalata bitamin C.

Ɗan man da ake zubawa yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin da yake mayarwa bitamin A. Ɗanyen tumatir ko ruwan lemon tsami kuwa suna ƙara yawan sinadarin ƙarfen da hanji ke ɗauka, yayin da shan shayi tare da abincin ke rage shi.

Waɗanda ya kamata su kula

Masu shan maganin tsinka jini na warfarin su tuntuɓi likita kafin su sauya yawan ganyen da suke ci, saboda bitamin K yana rage ƙarfin maganin. Masu tsakuwar ƙoda kuma akan shawarce su da su rage alayyafo.

Ganye ba ya samar da bitamin B12, saboda haka wanda ya bar nama da kifi da madara da ƙwai gaba ɗaya sai ya neme shi a ƙwayar magani ko a abincin da aka ƙara wa shi.