Tazkiyyar Shaidu da Aikin Muhuti a Kotunan Alƙalan Arewa

Ma'aikatan kotu da suka kama aiki a ƙarshen zamanin En'e, ko a farkon kotunan yanki, duk sun yi ritaya, waɗanda suka koyi aiki a hannunsu kuma suna bin bayansu ɗaya bayan ɗaya, saboda haka ilimin da ba a taɓa rubuta shi a cikin doka ba yana tafiya tare da su. Marubucin wannan maƙala yana cikin rukuni na biyu, kuma abin da ya sa shi ɗaukar alƙalami shi ne irin maganar da ake yawan ji a bakin matasan lauyoyi da sababbin rajistarori, cewa shari'ar laifuffuka a Arewacin Nijeriya ta fara ne ranar 30 ga Satumba, 1960, lokacin da dokar Final Kod ta fara aiki, wasu ma su ce sai a shekarar 2000, kafin nan kuma wai babu komai sai bulalar dogari da son ran sarki. Wannan magana jahilci ce, kuma tana ɓata wa tsofaffin ma'aikata rai, domin tana shafe wata hanya ta tantance shaida wadda kotunan yau ba su samar da madadinta ba.

Hanyar ita ce tazkiyya, wato binciken halin mai ba da shaida kafin alƙali ya gina hukunci a kan maganarsa. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar Hausa da Barno suke hukunci da ita, shaida ba ta karɓuwa sai daga adali, wato baligi mai hankali wanda ba a san shi da manyan zunubai ko zubar da mutunci ba, wanda kuma babu gaba tsakaninsa da wanda yake shaida a kansa, babu kusancin jini ko wata moriya tsakaninsa da wanda yake yi wa shaida. Idan alƙali bai san mutum ba, sai a nemi masu tazkiyya, mutum biyu adalai da suka daɗe suna zama da shi kuma suna cuɗanya da shi, su tsaya a gaban kotu su tabbatar da adalcinsa. Bayan wannan ta bayyane akwai ta asiri, inda alƙali yake da wani amintaccensa wanda ba a san shi da wannan aiki ba, ya shiga unguwa ya tambayi limami da maƙwabta da abokan sana'a, ya dawo ya faɗa wa alƙali shi kaɗai. Sannan a juya ga wanda ake tuhuma a yi masa i'izari, wato a tambaye shi ko yana da suka a kan shaidun ko wata hujja da ta rage masa, a ba shi kwanaki idan ya nema. Duk wannan yana shimfiɗe a cikin Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim da Tabsiratul Hukkam ta Ibn Farhun, littattafan da alƙalin da ya isa alƙali yake ajiye su kusa da buzunsa.

Wanda yake riƙe da igiyar wannan aiki shi ne muhuti. A kotunan Arewa muhuti shi ne malamin da yake zaune kusa da alƙali, yana rubuta shari'a a littafin kotu da Larabci, yana nemo mas'ala a cikin littattafai idan an buƙata, yana kuma tunatar da alƙali idan ya tsallake wani mataki. Akasarin alƙalan En'e daga wannan matsayi suka taso, bayan sun yi shekaru suna kallon yadda ake sauraron mai ƙara da wanda ake ƙara, kuma ko bayan da aka buɗe makarantar shari'a ta Shahuci a Kano a 1928, da Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa a 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, wanda ya fito daga can ba ya hawa kujerar alƙali sai ya fara zama muhuti. Mai son ganin yadda rubutun irin waɗannan malamai yake zai iya duba shari'un majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914, waɗanda masani Allan Christelow ya fassara ya buga. Gajeru ne ƙwarai, amma mai karatu zai ga wanda ya kawo ƙara, da abin da ya yi da'awa, da hujjar da aka tsaya a kanta.

Alƙalin da marubucin ya fara aiki a ƙarƙashinsa, Allah ya jiƙansa, tsohon muhuti ne na zamanin En'e, kuma ko da yake dokar da yake aiki da ita a lokacin ba ta neme shi da tazkiyya a shari'ar laifi ba, bai taɓa barinta gaba ɗaya ba. An taɓa kawo masa wani baƙon Bafillace bisa tuhumar satar sa, ga shaidu biyu da suka rantse sun gan shi yana jan san da asuba, maganarsu ta dace da juna har a wurin da bai kamata ta dace ba. Alƙalin bai nuna musu komai ba, ya ɗage shari'ar zuwa bayan ranar kasuwa, ya aiki wani dattijo mai sayar da goro wanda ma'aikatan kotun suka ɗauka abokin hirarsa ne kawai, sai ga shi ta bayyana cewa ɗaya daga cikin shaidun yaron gidan mai ƙara ne, ɗayan kuma mai ƙarar yana bin sa bashin hatsi. Da aka dawo zama sai alƙalin ya yi musu tambayoyin da suka fito da hakan da bakinsu, ya sa aka rubuta, ya sallami mutumin. Abin da yake yawan nanata wa ma'aikatansa shi ne, maganar shaida kowa yana iya haddace ta a dare ɗaya, amma halinsa an daɗe ana rubuta shi a unguwarsu, aikin kotu kuwa ta je ta karanto.

Yadda aka rabu da wannan hanya labari ne da ya faro tun kafin 'yancin kai. Turawa sun bar kotunan alƙalai da na sarakuna suna hukunci da fiƙihu har a kan laifuffuka, sun dai hana yanke hannu da jefewa, sun kasa kotuna daraja huɗu, daga A zuwa D, sun kuma ba Razdan da Di'o ikon duba littattafan kotu da sauya hukunci. Rikicin ya fito fili a 1947 a shari'ar Tsofo Gubba, wanda kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa hukuncin kisa saboda ya kashe mutumin da yake neman matarsa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma kuma ta ƙi amincewa, domin a dokar Turawa tunzurawa tana sauko da laifin daga kisan ganganci, alhali a fiƙihun Malikiyya ba ta saukar da shi. Sai ya zama ran mutum ya dogara ne a kan kotun da aka fara kai shi. Haka aka yi ta faɗi-tashi har Hukumar Willink ta saurari koke-koken ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958, gwamnatin Sardauna kuma ta kira kwamitin masana shari'a a 1958 ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa J. N. D. Anderson na Landan, da 'yan ƙasa irin su Wazirin Barno Shettima Kashim da Peter Achimugu. Daga shawararsu aka samo Final Kod da dokar hanyoyin shari'ar laifuffuka, waɗanda aka ɗauko tsarinsu daga na Sudan, na Sudan kuwa daga dokokin Indiya.

Babu amfani a ɓoye cewa masu kukan suna da hujja. A ƙa'idar fiƙihu shaidar wanda ba Musulmi ba ba ta tsayawa a kan Musulmi, ta mata kuma ba ta shiga haddi da ƙisasi, wannan kuwa abu ne mai wuyar karewa a jihar da take da miliyoyin Kiristoci da masu addinin gargajiya. Baƙon da ba shi da kowa a gari yana iya rasa mai yi masa tazkiyya ko da gaskiya yake faɗa. Mafi muni shi ne abin da aka yi wa 'yan NEPU a shekarun 1950, lokacin da wasu alƙalai, da yake En'e ce take naɗa su take biyansu albashi, suka riƙa ɗaure 'yan adawa da yi musu bulala bisa laifin zagin sarki ko taro ba izini, kuma a irin wannan shari'a adalcin shaida ya koma goyon bayan fada. Wannan tabo ne a kan aikin, kuma tsofaffin ma'aikata masu tsoron Allah ba su musanta shi ba.

Amma kukan marubucin yana kan yadda aka yi gyaran. An tara alƙalai a Cibiyar Koyar da Mulki ta Kongo a Zariya an yi musu kwas na 'yan watanni a kan sababbin dokoki, aka ce kotunansu su ɗauki dokar hanyoyin shari'a da ta shaida a matsayin jagora, kuma a ƙarƙashin wannan tsari kowa yana iya ba da shaida, abin da yake tace gaskiya daga ƙarya shi ne tambayoyin ƙwaƙƙwafi da lauyan ɗaya ɓangaren zai yi wa mai shaidar. To, sai dai doka ta hana lauyoyi tsayawa a kotunan gargajiya, hanin kuma ya ci gaba bayan an soke kotunan sarakuna an kafa kotunan yanki da dokar soja ta 1967, wadda ta fara aiki a Afrilun 1968, bai kau ba sai bayan zuwan tsarin mulkin 1979. Ke nan kusan shekara ashirin talakan da aka tuhuma yana tsaye shi kaɗai a gaban ɗan sanda mai gabatar da ƙara, an ɗauke masa kariyar tazkiyya, ba a kuma ba shi lauyan da zai tsaya a madadinta ba. Idan aka ce masa ya yi wa shaida tambaya, yawanci sai ya ce ƙarya yake yi, a rubuta cewa ba shi da tambaya. A wannan giɓi ne aka haifi sana'ar da kowane ma'aikacin kotu ya sani, ta mutanen da suke yini a gindin bishiyar harabar kotu suna jiran mai neman shaida ko mai tsaya wa beli, a biya su su rantse, alhali a zamanin muhuti ba za su kai ga zama na biyu ba sai an gano su.

Wani abin da aka rasa tare da wannan shi ne matsayin waliyyan jini, wato magadan wanda aka kashe, waɗanda a fiƙihu su ne masu haƙƙin neman ƙisasi ko karɓar diyya ko yafewa, idan kuma sun yafe a yi wa mai laifin bulala ɗari da ɗaurin shekara guda. Final Kod ta mayar da kisan kai laifi tsakanin mai laifi da gwamnati, ta bar wa dangi kawai a ji ra'ayinsu a rubuta. Yau shari'ar kisa takan shekara biyar ko goma, dangin mamaci ba su samu diyya ba, ba su ga hukunci ba, wanda ake tuhuma kuma yana cikin masu jiran shari'a, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Nijeriya.

Da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, wasu jihohi goma sha ɗaya kuma suka bi wannan hanya, tsofaffin ma'aikata da yawa sun yi zaton za a dawo da tazkiyya da horon muhuti kafin a taɓa haddi, domin haddi ba ya tsayawa sai hujja ta tsira daga kowace shubuha, wato abin da yake jefa shakka a cikinta. Ba a yi hakan ba, an rubuta kundin hukunce-hukunce cikin gaggawa, aka canza allon ƙofar kotun yanki, aka miƙa wa alƙalan kotunan da suka shekara arba'in ba su yi shari'ar laifi da fiƙihu ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta rushe hukuncin da aka yi wa Safiya Hussaini bisa tuhumar zina a Maris na 2002, ta Katsina kuma ta rushe na Amina Lawal a Satumban 2003, kuma dalilan da suka bayar, irin su rashin bayyana wa wadda ake tuhuma ainihin laifin, da hana ta janye iƙirarinta, da rashin lura da mas'alar kwantaccen ciki da Malikiyya ta yarda da ita, duk abubuwa ne da ke cikin littattafan da aka ambata a sama. Muhutin da ya san aikinsa da ya raɗa wa alƙali su tun a zaman farko, kafin maganar ta kai ga gidajen rediyon duniya ta zama abin gori ga shari'ar kanta. I'izari ya tsira, domin kotunan sama suna rushe hukuncin da ba a yi shi ba, amma a wurare da yawa ya koma layi ɗaya da rajistara yake cikewa a ƙarshen takarda. Alƙalan yau kuwa akasari daga aji suke zuwa kujera da takardar difloma ko digiri, mai rubuta musu shari'a ma'aikacin ofis ne da ake iya mayar da shi wani sashe a kowane lokaci, kuma babu wanda yake tsammanin zai buɗe Tuhfa ya gyara wa alƙali kuskure.