Ƙwaron ganyen albasa

Ƙwaron ganyen albasa, wanda a kimiyyance ake kira Thrips tabaci, ɗan ƙaramin ƙwaro ne da tsawonsa bai fi milimita ɗaya da ɗan wani abu ba. Masanin ƙwari Karl Lindeman ne ya fara bayyana shi a shekarar 1889. Yana addabar albasa, tafarnuwa, kabeji da auduga.

Ɓarna

Ƙwaron yakan ɓuya a gindin ganye yana tsotse ruwansa, sai ganyen ya yi fari-fari ya bushe, albasar kuma ta ƙi yin kai sosai. Tamatar tana iya hayayyafa ba tare da namiji ba, shi ya sa yake yawaita cikin ƙanƙanin lokaci. Ya fi ƙarfi lokacin zafi da bushewar iska, daidai sa'adda manoman rani a Dutse da sauran fadamun Jigawa ke da albasa a gona.

Rigakafi

Ana cire ciyawa, a riƙa ban ruwa a kan kari, a guji dasa sabuwar albasa kusa da tsohuwa. Wasu kan fesa ruwan 'ya'yan darbejiya da yamma. Idan za a yi feshin magani, ana sauya iri, domin ƙwaron yakan saba da magani ɗaya.