Fox Deportes: Tashar da Ta Sauya Suna Sau Biyar Tana Bin Sawun 'Yan Kallonta

 Da yawanmu idan aka haɗa Sifaniyanci da ƙwallo, abin da ke faɗo mana a rai shi ne Real Madrid da Barcelona, da hayaniyar gidan kallo ranar da suka haɗu. To yau Amurka za mu leƙa, ƙasar da muke ɗauka kowa Turanci yake yi a cikinta, mu ga tarihin Fox Deportes, tashar talabijin mafi daɗewa a can wadda ba ta nuna komai sai wasanni da harshen Sifaniyanci. Abin da ya ja hankalinmu gare ta shi ne yadda ta fara da kawo wa baƙi wasannin ƙasashen da suka baro, daga baya ta koma kawo wa 'ya'yansu wasannin Amurka da harshen iyayensu.

Mu fara da mutanen da aka kafa ta dominsu. Kafin 1848 Kalifoniya yankin Meziko ce, shi ya sa har gobe sunayen biranenta na Sifaniyanci ne: Los Angeles, San Diego, San Francisco. Bayan haka kuma 'yan ci-rani suka yi ta kwararowa daga Meziko da Kyuba da Jamhuriyar Dominika da sauran ƙasashen kudu. Su da zuriyarsu ake kira Latino. Ƙidayar jama'a ta 1990 ta same su miliyan 22.4, ta 2000 miliyan 35.3, ta 2020 kuwa miliyan 62.1. Kusan kashi shida cikin goma tushensu Meziko ne. Mu riƙe wannan lissafi, domin shi ne ke juya kusan duk abin da za mu gani a gaba.

Tun kafin a yi tunanin tashar wasanni, rediyo ya riga ya share hanya. A 1959 wani ɗan ƙasar Ekwado mai suna Jaime Jarrín ya fara sharhin wasannin ƙungiyar Dodgers ta Los Angeles da Sifaniyanci. Dodgers ƙungiyar besbol ce, wasan nan da ake jefa ƙwallo wani ya maka mata kulki ya ruga da gudu. Sai dai 'yan Meziko da yawa ba sa taka filinta, saboda an gina shi ne a Chavez Ravine, unguwar da aka tashi iyalansu daga cikinta. Abin bai sauya ba sai a 1981, da wani yaro ɗan shekara 20 daga wani ƙauye a jihar Sonora ta Meziko, Fernando Valenzuela, ya yi fice wajen jifa wa ƙungiyar. Ya ci wasanni takwas na farko da ya fara a jere, kuma a ƙarshen shekarar Dodgers ta ɗauki kofi. Filin da ake ƙauracewa ya cika maƙil da masu Sifaniyanci. 'Yan kasuwa suka gane cewa ga jama'a nan masu son wasa, masu kuɗin tikiti, waɗanda ba a yi musu magana da harshensu.

A 1985 Jerry Buss, mai ƙungiyar ƙwallon kwando ta Lakers, ya haɗa hannu da Bill Daniels, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa talabijin na kebul, wato wanda ake ja wa mutum waya har gida yana biya duk wata. Suka buɗe tashar Prime Ticket domin kudancin Kalifoniya. Daga cikinta ne a Nuwamban 1993 aka haifi La Cadena Deportiva, ma'ana tashar wasanni. A lokacin akwai Univision da Telemundo, amma tashoshi ne na kowa da komai, fina-finan soyayya masu dogon zango da labarai su ke cinye yawancin lokacinsu, wasa sai a ƙarshen mako. Sabuwar tashar ta zo ne watanni kaɗan kafin gasar cin kofin duniya ta 1994 da Amurka ta karɓi baƙunci, wadda ita ce karon farko da Najeriya ta je. Amma ba ta samu nuna gasar ba. Univision ce ke riƙe da izinin, kuma a can ne mai sharhi Andrés Cantor, haifaffen Ajantina, ya yi suna da doguwar kururuwarsa idan an zura ƙwallo, har masu Turanci suka riƙa komawa tashar don su ji shi.

Daga nan sunaye suka fara sauyawa, kowane suna da labarin mai shi. Kamfanin Liberty Media ya sayi Prime Ticket a 1994, a 1995 tashar ta koma Prime Deportiva. A 1996 Liberty ya haɗa jari da News Corporation na Rupert Murdoch, sai ta zama Fox Sports Américas. A 1999 aka mai da ita Fox Sports World Español, a 2002 Fox Sports en Español, wato Fox Sports da Sifaniyanci. Sai a Oktoban 2010 ta samu sunan da take amsawa yau. Idan muka lura, sunayen tsakiya suna nuna ta ne kamar fassarar wata tasha ta Turanci. Sunan ƙarshe ya cire wannan, ya bar kalmar Deportes kawai, wadda ke nufin wasanni.

Kafin mu shiga shirye-shiryenta, ya kamata mu fahimci yadda irin wannan tasha take cin abinci. Kuɗinta hanya biyu yake shigowa: ɗan abin da kamfanin kebul ko na tauraron ɗan'adam ke biyan ta a kan kowane gida da ke kama ta, da kuma tallace-tallace. Wasan da take nunawa kuwa ba nata ba ne. Haya take karɓa daga masu gasar na shekara uku ko biyar ko takwas, idan wa'adi ya cika a sake gwanjo, wanda ya fi tsoka ya ɗauka. Kayan aro kuwa, kamar yadda muka sani, ba ya rufe katara.

A shekarun 2000 babban abin da tashar ta dogara da shi shi ne Copa Libertadores, gasar zakarun ƙungiyoyin Kudancin Amurka da aka fara a 1960. Mai aikin gini a Tekzas ko mai wanke kwanuka a New York zai dawo gida da dare a tsakiyar mako ya tarar da Boca Juniors ko River Plate a akwatinsa, da muryar da ta yi kama da ta gida. Abin ya ƙara armashi saboda daga 1998 zuwa 2016 ƙungiyoyin Meziko suna shiga gasar a matsayin baƙi. Chivas ta kai wasan ƙarshe a 2010 ta sha kashi a hannun Internacional ta Barazil, Tigres ta kai a 2015 River Plate ta doke ta. Har wata ƙaramar gasa aka ƙirƙira mai suna InterLiga, daga 2004 zuwa 2010, inda ƙungiyoyin Meziko ke tsallakowa su buga a filayen Amurka a watan Janairu don neman gurbin shiga Libertadores, tashar kuma tana nunawa. A kan wannan ta ƙara gasar Firimiyar Ingila, da gasar zakarun Turai daga 2009, da dambe, da shirin labaran wasanni na Central Fox, da shirin muhawara na La Última Palabra, wato magana ta ƙarshe.

Akwai wata matsala da masu sharhinta suka yi ta fama da ita, wadda za ta ba mu sha'awa. Sifaniyancin ba iri ɗaya ba ne. Ɗan Meziko yana ce wa mai tsaron gida portero, ɗan Ajantina ya ce arquero. Bugun nan na alkafura da yawancinsu ke kira chilena, wato na 'yan Chile, ɗan Peru ba ya yarda da sunan, chalaca yake cewa, don yana ganin a ƙasarsa aka fara shi. Ɗan Meziko da ɗan Kolombiya ƙwallon ƙafa suke so, amma ɗan Kyuba da ɗan Dominika da ɗan Benezuwela besbol ne a jininsu. Dole tashar ta zaɓi muryoyi daga ƙasashe daban-daban, ta kuma auna kalmomin da kowa zai gane. A wasannin Amurka kuwa wani lokaci aro ake yi a lanƙwasa kalmar ta dace da baki, kamar jonrón ga bugun da ya fitar da ƙwallo waje a besbol. Wani lokaci kuma ƙirƙira ake yi, kamar mariscal de campo, wato babban hafsan fagen fama, ga ɗan wasan da ke jagorantar hari a zari-rugar Amurka.

Da kasuwa ta yi daɗi, sai kishiyoyi suka shigo. GolTV ta zo a 2003, ESPN Deportes a Janairun 2004. A 2012 kaɗai biyu suka ƙaru: Univision Deportes, wadda ta koma TUDN a 2019, da beIN Sports ta 'yan Ƙatar. Girman kuɗin da ke yawo zai bayyana mana daga wannan: a 2005 Univision ta biya FIFA dala miliyan 325 don nuna kofin duniya na 2010 da 2014 da Sifaniyanci, alhali ABC da ESPN sun biya dala miliyan 100 kacal don na Turanci. A 2011 kamfanin Fox ya ci gwanjon 2018 da 2022, amma na Turanci kaɗai. Na Sifaniyanci Telemundo ce ta ɗauka. Ke nan uwar gida ta samu kofin duniya, 'yarta mai Sifaniyanci ba ta da damar haska ko minti ɗaya na wasan kai tsaye.

Sauran kayan ma suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Firimiya ta koma NBC da Telemundo a 2013. Gasar zakarun Turai ta koma Univision a 2018. Libertadores, wadda da ita aka san tashar, ta koma beIN a 2019, a shekarar kuma damben UFC ya koma ESPN. Gasar Jamus da ta karɓa a 2015 ta kuɓuce a 2020. Ko gasar Meziko, wadda ta fi kowace ƙwallo farin jini a wajen waɗannan mutane, ba a sayar da ita a dunƙule, kowace ƙungiya ita ke sayar da wasanninta na gida. Mafi yawa suna hannun Univision, Fox Deportes ta samu 'yan kaɗan irin su Monterrey da Tijuana na wasu shekaru.

Abin da ya cece ta shi ne su kansu 'yan kallon sun sauya. Yau kusan kashi biyu cikin uku na Latino a Amurka aka haife su. Sun yi makaranta da Turanci, sun taso suna son ƙungiyoyin garuruwansu, amma a falon gida akwai uba ko kaka da Sifaniyanci ya fi zauna wa. Kamfanin Fox kuwa yana riƙe da manyan wasannin Amurka, don haka tashar ta juya can. Ta daɗe tana nuna World Series, wasannin ƙarshe na besbol. Sannan a ranar 2 ga Fabrairu 2014 ta zama tasha ta farko a Amurka da ta nuna Super Bowl, wasan ƙarshe na zari-rugarsu, a tashar Sifaniyanci zalla. Kafin nan sai dai mutum ya danna maɓalli ya sauya murya a tashar Turanci, rubutu da talla duk suna nan da Turanci. A ranar Seattle Seahawks ta lallasa Denver Broncos da 43 da 8. Waɗanda suka kalla a Fox Deportes sun ɗan haura rabin miliyan, na Turanci sun haura miliyan 110. Adadin ƙarami ne, amma ƙofa ta buɗe. Ta sake nunawa a 2017 da 2020 da 2023, Telemundo ta karɓa a 2022, Univision a 2024. A nan ma, ita ta fara, manya suka biyo. Ta kuma ƙara da gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, MLS, da kokawar WWE daga 2019 zuwa 2024.

A Maris 2019 Disney ya sayi kaso mafi yawa na kamfanin 21st Century Fox a kan dala biliyan 71.3. Tashoshin Fox Sports na ƙasashen kudu, waɗanda take musayar shirye-shirye da su, suka fita daga hannun Murdoch, ita kuwa ta zauna a sabon kamfanin Fox Corporation. Ƙalubalenta na yanzu ya fi na kishiyoyi nauyi, domin gidaje suna ta yanke kebul suna komawa kallo ta intanet, kuma duk gidan da ya yanke, ɗan kuɗin nan na wata-wata ya tafi. Ga kuma tambayar da kowace tashar Sifaniyanci ke yi wa kanta: jikan ɗan ci-rani, wanda Turanci ya fi masa sauƙi, zai ci gaba da neman sharhi da harshen kakansa?

Mu rufe da inda muka fara. Jaime Jarrín ya yi ritaya a 2022 bayan kakar wasa 64. Valenzuela, wanda shi ma ya koma sharhin Dodgers da Sifaniyanci tun 2003, ya rasu ranar 22 ga Oktoba 2024. Kwana uku bayan haka Dodgers ta shiga World Series da New York Yankees, 'yan wasanta ɗauke da lambarsa 34 a rigunansu, ta kuma ci kofin a wasa biyar. Fox Deportes ta nuna wasannin duka da harshen da Valenzuela ya zo da shi daga Sonora.

A nan za mu dasa aya. Wanda ya ga gyara ko yake da ƙarin bayani, ƙofa a buɗe take. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.