Tarbar Talaka a Caji Ofis

Tun muna kurata, abin da aka fi cusa mana a wurin horo shi ne fareti, riƙon bindiga da sara wa na gaba. Yadda za ka tarbi tsohuwar da aka sace wa akuya kuwa, sai dai ka koya a hannun wani saje mai hali, in Allah ya haɗa ka da shi.

Wannan giɓi ya daɗe. Rundunar da Turawa suka kafa a Legas bayan 1861, wadda suka cika da Hausawa, an yi ta ne don tsaron mulkinsu da kasuwancinsu, kuma baƙi aka ɗora a kan mutanen da ba su jin harshensu. Wanda ba ya tsoron a kai ƙararsa wurin ubansa, me zai sa ya tausasa murya? Ko bayan haɗe rundunonin Kudu da Arewa a 1930, a nan Arewa 'yan dokan En'e ne ke cuɗanya da talaka, su raka masu karɓar haraji da jangali, su kamo wanda hakimi ya ce a kamo. Magoya bayan jam'iyyar NEPU sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunsu a shekarun 1950. Duk da haka, dattawan da na tarar a aiki, waɗanda aka shigo da su rundunar tarayya bayan 1966, suna da wani abu da muka rasa: sun san mai unguwa, sun san gidan kowa, suna gaisuwa kafin tambaya.

Mulkin soja ya ƙara mana kaushi. Shingen hanya ya zama wurin "kai, zo nan!", har muka kai ga rundunar SARS, da aka kafa a 1992 aka rushe a Oktoban 2020 bayan zanga-zangar matasa.

Yanzu doka ta fito fili. Ta 2015 ta hana kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema, ta 2017 ta haramta azabtarwa, dokar 'yan sanda ta 2020 ta jaddada mutunta wanda aka kama. Abokan aikina kan ce mutumin da ya kwana a titi, ya bar iyalinsa a bariki mai yoyo, ba a neman fara'a a wurinsa. Wahalar gaskiya ce, na sha ta, kuma hakkinmu ne a gyara. Amma mai shayin bakin tasha bai jawo mana ita ba, kuma shi ne ya ga wanda ya ajiye babur ɗin sata. In ka taɓa daka masa tsawa a gaban mutane, ranar da ka zo bincike zai rantse maka bai ga kowa ba. Fayil nawa suka mutu a kotu don shaida ya ƙi zuwa, saboda abin da ya gani a bakin kantar caji ofis ranar farko?