Tarihin Kiɗa da Waƙar Mutanen Cornwall

Cornwall yanki ne a ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, wanda teku ta kewaye ta ɓangarori uku. Mutanensa suna kiransa Kernow, kuma harshensu na asali, Kernewek, ɗan'uwan harsunan Wales da Brittany ne. Harshen ya daina zama na yau da kullum a ƙarshen ƙarni na 18, amma al'ummar ba ta narke cikin Ingilawa ba, kuma kiɗa da waƙa suna cikin abubuwan da suka riƙe ta.

Ana samun tsofaffin alamun kiɗan yankin a Ordinalia, wasannin kwaikwayo na addini da aka rubuta da Kernewek a ƙarshen ƙarni na 14. A fili ake yin su, makaɗa da mabusa suna raka 'yan wasa. A cocin Altarnun kuma akwai sassaƙen katako na ƙarni na 16 mai nuna mutum yana busa algaita mai jakar fata.

Babban sauyi ya zo da ɗariƙar Metodis. Jagoranta, John Wesley, ya yi wa'azi sau 18 a Gwennap Pit tsakanin 1762 da 1789, kuma masu haƙar kuza da jan ƙarfe da masunta suka karɓi koyarwarsa hannu bibbiyu. A ƙananan majami'unsu suka koyi rera waƙa tare, kowane rukuni da muryarsa. Wannan ne ya share fage ga ƙungiyoyin mawaƙa maza, yayin da 'yan badujala suka yawaita a garuruwan ma'adinai. Thomas Merritt, ɗan mahaƙi daga Illogan wanda ya rasu a 1908, ya tsara waƙoƙin Kirsimeti da har yau ake rerawa. Da kasuwar ma'adinai ta faɗi a ƙarni na 19, dubban mahaƙa suka yi ƙaura, suka tafi da waƙoƙinsu Grass Valley a Kalifoniya da Moonta a Ostiraliya.

Waƙar da ake ɗauka tamkar taken yankin, Trelawny, da Turanci take. Robert Stephen Hawker ne ya rubuta ta, aka fara buga ta a 1826, kuma galibi ana danganta ta da Bishop Jonathan Trelawny, wanda Sarki James na II ya tsare a Hasumiyar Landan a 1688. Bukukuwan titi ma sun ɗore: 'Obby 'Oss a Padstow ranar 1 ga Mayu, da rawar Furry a Helston wajen 8 ga Mayu.

Farfaɗo da harshen Kernewek ya kankama da littafin Henry Jenner na 1904 da kafa ƙungiyar raya al'adu ta Gorsedh Kernow a 1928. Ralph Dunstan ya fitar da kundin waƙoƙin gargajiya a 1929. Mawaƙiya Brenda Wootton, wadda ta rasu a 1994, ta rera da Kernewek har ta yi suna a Faransa, sannan aka fara bikin kiɗa da rawa na Lowender Peran a 1978.

Mahaƙar kuza ta ƙarshe a yankin, South Crofty, ta rufe a 1998. A 2014 gwamnatin Birtaniya ta amince da mutanen Cornwall a matsayin tsirarun al'umma mai asalin kanta. Ƙungiyar Fisherman's Friends ta Port Isaac ta yayata waƙoƙin ma'aikatan jirgin ruwa, kuma faifan mawaƙiya Gwenno mai suna Tresor, wanda kusan duk da Kernewek yake, ya shiga jerin masu neman kyautar kiɗa ta Mercury a 2022.